Ranar da Na Shanya Kwamfutar 'Yata Tare da Shinkafa

A shekarar da wannan abu ya same ni, ni manomi ne mai furfura a gemu wanda bai daɗe da fara riƙe biro ba. Da damina ina noman shinkafa a fadamar bakin kogin Haɗeja, da rani kuma in yi alkama da injin ban ruwa. Karatun allo na yi shi tun ina yaro, amma boko sai da girma ya zo na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana bayan la'asar a wata firamare ta unguwarmu. Mutane sun san ni da haƙuri. In inji ya ƙi tashi, wasu su yi ta zaginsa suna shurinsa da ƙafa, ni kuwa sai in shimfiɗa buhu, in kwance shi ƙarfe-ƙarfe, in wanke, in mayar, ko da zai cinye mini yini guda. Har na ɗauka wanda ya iya wannan ya iya lallashin kowace irin na'ura. Da hannuna na rubuto muku wannan, a hankali, don kada wani uba ya faɗa inda na faɗa.

'Yata ta fari ita ce ta fara kaiwa babbar makaranta a gidanmu. Kakanninmu Fulani ne makiyaya, kuma ko da yake mun daɗe da zama 'yan gari, kunyar ɗan fari ba ta bar mu ba. Haka mahaifina ya yi da yayana, haka ni ma na yi da ita. Ban taɓa kiran sunanta ba. In ina son sanin ko ta ci abinci, sai in tambayi uwarta, ko in dubi bango in ce, ita wannan ta ci kuwa? Ita ma duk abin da take nema a wurina ta bakin uwarta yake zuwa. Uwar ma ba ta kiran sunan, amma tun da yarinyar ta girma suka zama kamar ƙawaye, sai ni kaɗai na rage a bakin ƙofa. Ba ƙi ba ne. Duk cikin 'ya'yana babu wadda take kwana a raina kamarta, sai dai ba a nunawa.

A shekararta ta ƙarshe aka ba su aikin binciken kammala karatu, wanda su suke kira furojet. Ta yi watanni tana yinsa a wata kwamfutar tafi-da-gidanka, laftof, ta hannu, da kawunta ya kawo mata. A damanar ne kogi ya yi ambaliya, ruwa ya shigo unguwarmu har ya kai gwiwa a tsakar gida. Ta naɗe kwamfutar a leda ta ɗora a ka muka koma gidan ƙanina da ke kan tudu. Ko ɗigo bai taɓa ta ba. Amma da ruwa ya janye muka dawo, gida duk danshi, bango yana zufa, katifu suna warin hunhuna. A lokacin ne na fara lura da halin da yarinyar take ciki. Takan zauna a rumfar tsakar gida, ta ɗora filo a cinya ta ɗora kwamfutar a kai, uwarta kuma tana gefe tana bakace, don sana'arta ke nan, ta turara shinkafa, ta shanya, a kai inji, ta dawo ta gyara ta sayar. Yarinyar za ta danna maɓalli, ta tashi ta yi alwala, ta yi salla, ta dawo ta tarar wani ɗan zobe yana ta juyawa a gilashin bai gama ba. Abin yana gurnani kamar injin niƙa daga nesa. Wani lokaci tana tsakiyar rubutu sai ya sandare, ta yi tagumi tana kallonsa.

Wata rana ina ɗaure akuya na ji tana gaya wa uwarta cewa lokacin miƙa aikin ya matso, kuma duk wanda bai miƙa ba sai wata shekara, abokan karatunsa su fita su bar shi. Ta ce ta yi ta ƙoƙarin kwafe aikin a filashi, amma da ta soka sai kwamfutar ta tsaya cak, don haka babu inda aikin yake a duniya sai cikinta. Tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Na je bakin rumfar da niyyar tambayarta me ke damun abin, na yi gyaran murya, ta ɗago kai, sai na ji bakina yana tambayar ko an ba tumaki ruwa. Na sake komawa washegari, na ƙare da maganar tsadar taki.

Sai na zauna na yi nawa lissafin. Injina na ban ruwa ya nutse a ambaliyar, na kwance shi, na shanya kayan cikinsa a rana, na mayar, ya tashi. To ita ma wannan ai tun da muka dawo cikin danshi take wannan nawa. Na kai maganar wurin wani abokina masunci da muke benci ɗaya a aji. Bai bari na gama ba ya ce sanyi ne ya kama ta, babu ko tantama. Ya ce wayarsa ta taɓa faɗawa ruwa a fadamar Baturiya, ya binne ta a shinkafa, ya sa a rana, ga ta nan har yau tana kira. Ya daki kafaɗata yana dariya, wai injiniya guda kamata, wanda yanzu ya san baƙi da wasali, me zai gagare shi a abin da duk jikinsa haruffa ne. Malaminmu yana tsaye a bakin allo a lokacin, kuma na san yana da irinta a gida. Ban tambaye shi ba. Na ji nauyin a ce ina tallar damuwar 'yata ta fari a gaban aji. Na gwammace in gyara a ɓoye, ta dawo ta tarar abin yana gudu, ta rasa wanda ya yi.

Dama ta samu ranar da ita da uwarta suka tafi bikin suna a Kafin Hausa, a gidan ƙanwar uwar. Kafin su fita maiɗakina ta baza turararriyar shinkafarta a kan baƙin tamfal a tsakar gida, ta ce da ni, Malam ɗalibi, tun da yau babu gona, ga aikin gida ta ba ni, in dinga motsa ta ina korar kaji, kada in ce karatu ya ɗauke mini hankali. Suna fita na shiga ɗakin yarinyar, ɗakin da rabona da shi tun tana ƙarama. Na zaro kwamfutar daga jaka na fito da ita tsakar gida. Na ture shinkafar gefe, na ajiye kwamfutar a kan tamfal, na buɗe ta kamar yadda na ga yarinyar tana yi, sai gilashin ya kawo haske, ta fara gurnanin nan nata. Na ce madalla, gara ma tana numfashi, zafin ya fi ratsa ta. Na gyara mata zama fuskarta na kallon rana. Duk wanda ya san ranar ƙarshen damina a Haɗeja ya san irin wadda nake nufi, wadda ba a taka ƙasa ba takalmi. Niyyata in ba ta ɗan lokaci, in juya bayanta, in mayar kafin azahar.

Ban kai ga juyawar ba aka fara kiran jama'a a lasifikar masallaci, wai jingar da ta tare kogi a bayan unguwarmu tana yoyo, duk mai ƙarfi ya fito da buhu da shebur. Wanda ruwa ya taɓa kora daga gidansa ba ya jin wannan kira ya tsaya tunani. Na kira maƙwabciya ta katanga na ce ta sa ido a kan kaji, na ɗauki shebur na fita. Muna cika buhuna muna jerawa, a toshe nan can ya ɓalle. A bakin jingar muka yi azahar cikin taɓo. Sai da aka kira la'asar, ina wanke ƙafa, abin ya faɗo mini a rai. Ban san yadda aka yi na iso gida ba, na dai san shebur ɗina a can na bar shi.

Da na kai hannu sai da na janye, kamar na taɓa murfin tukunya. Na sa gefen riga na ɗauke ta na kai inuwa. Gurnanin ya tsaya, gilashin ya yi baƙi. Cikinta ya kumbura, wurin da ake shafawa da yatsa ya taso, bakin robar ya buɗe ta gefe, kuma wani wari-wari yana fita wanda ban taɓa jin irinsa ba. Na yi ta yi mata fifita da faifai. Na jira ta huce, na yi bisimilla na danna maɓallin da na ga ana dannawa. Shiru. Na sake dannawa na riƙe. Shiru. Na zauna a ƙasa ina salati, ina kallon shinkafar da ta bushe ƙarau, ita kam rana ta yi mata abin da ake so.

Gab da magariba suka dawo da ƙullin cincin da naman suna. Na ja maiɗakina zuwa bayan rumbu na gaya mata. Ta daɗe tana kallona, sannan ta tambaye ni ko na barbaɗa mata gishiri da yaji, tun da kilishi na yi niyya. Da ta ga ban yi dariya ba ita ma fuskarta ta canja. Na roƙe ta ta je ta sanar da yarinyar kamar yadda aka saba. Ta ce a'a. Ta ce shekara da shekaru tana ɗaukar mana saƙo, na kuɗin makaranta, na ciwo, na gaisuwa, amma wannan kam ba za ta ɗauka ba, wanda ya shanya shi zai kwashe.

Na tarar da yarinyar a rumfa tana cire takalmi. Na ajiye kwamfutar a gabanta, na juya ina kallon katanga, na faɗi abin da na yi tun daga farko. Na ji ƙarar maɓalli, na ji ta jona caja, na sake jin maɓalli. Da na waiwayo tana zaune hannayenta biyu a kan murfin. Ta ce, ba komai Baba, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Da ta yi kuka ko ta yi mini tsawa da na fi samun sauƙi. Tuwon ranar haka aka kwashe shi, babu wanda ya taɓa. Ni dai abin da ke yawo a kaina shi ne shekara guda ta rayuwarta, da safiyoyin da take fita kafin gari ya waye ta bi mota, da yadda 'yan uwa za su tambayi me ya hana ta fita tare da sa'o'inta, a ce ubanta ne.

Da safe ta sa hijabi ta rataya jaka za ta nemi adaidaita zuwa wurin mai gyara. Na fito da babur na ce, ba tare da na dube ta ba, a hau. Ta dubi uwarta, uwar ta ɗaga kafaɗa. Rabon da in goya ta a babur tun tana 'yar firamare. Muka ratsa unguwa masu shayi suna bin mu da kallo har muka isa shagon da ke bayan kasuwa.

Mai gyaran dattijo ne kamata, Babarbare, kuma kun san mu da su akwai wasa. Yana jin abin da ya faru ya ajiye sukundireba ya riƙe ciki. Ya ce shi dai ya san Bafulatani da shanya fata, bai san an ci gaba har an kai kwamfuta ba, in gode wa Allah ban kai ta kiwo ba. Da ya kwance bayanta sai dariyar ta tsaya. Ya ɗaga batirin da ya kumbura kamar burodi, ya fita da shi waje ya ajiye a kan yashi. Ya ce irin wannan yana kamawa da wuta, da ya fashe a kan tamfal da ba shinkafa kaɗai za mu rasa ba. Sannan ya kira ni in matso. Ya nuna mini wata 'yar fanka a ciki, ya sa tsinke ya zaro wani curi mai kama da sheƙar ɓera. Na karɓa na murza a tafin hannu, na gane shi nan take, ƙurar dusa ce da ƙaiƙayin shinkafar gidana. Ya ce wannan ne ya toshe mata hanci, ga kuma filo da ake ɗora ta a kai yana rufe ƙofofin iska na ƙasa. Kwamfuta in ta ji zafi ita da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ya ƙara da cewa ba mamaki ma'ajiyarta ta cika da bidiyon biki, shi ma yana jawo nawa. Ashe ba sanyi ne ciwonta ba, zafi ne. Mai zazzaɓi na ɗauka na kwantar a rana.

Ya jona ta da wuta ba batir, wata 'yar fitila ta kama, amma gilashin bai kawo komai ba. Yarinyar ta tambaye shi aikinta fa. Ya ce ba zai yi mata alkawarin abin da bai gani ba. Ya zare wani ɗan siririn abu da bai fi reza tsawo da yawa ba, ya ce duk wahalarta tana cikin wannan, in zafi bai kashe shi ba. Sai dai mahaɗin da zai karanta irinsa yana hannun wani abokin sana'arsa da ya yi tafiya, sai gobe. Ya naɗe shi a takarda ya sa a aljihun gaba. Na bi aljihun nan da kallo har muka fita. Yinin ranar na je gona na kasa aiki, na je aji na kasa gane harafin da na sani tun bara. Abokina masunci ya tambaye ni ko ta warke, na ce masa ya bar maganar.

Washegari mun riga mai shagon zuwa. Da ya zo babu wuta, sai da aka tayar da janareta. Ya soka abin a mahaɗi, ya jona da tasa kwamfutar, muka tsaya. Babu abin da ya fito. Ya zare, ya goge bakin, ya hura, ya mayar. Can sai wasu 'yan akwatuna rawaya suka bayyana a gilashin. Ta gaya masa wanda zai buɗe, amma da ya kai hannu sai ta ja hijabi ta rufe fuska, ta ce ita ba za ta iya kallo ba. Ya danna, farin shafi ya buɗe. Ya ce, Bafulatani, an ce kana zuwa makaranta, zo ka duba mana ko na 'yarka ne. Na sunkuya. Rubutun da ke sama Turanci ne, ban gane ba. Amma a tsakiya akwai manyan haruffa da na sani. Na ɗora yatsa na bi su da ƙarfi, gaɓa-gaɓa, yadda ake sa mu yi a aji. Sai da na kai ƙarshe na ji abin da ya fito daga bakina. Sunanta ne, da nawa a bayansa. Ta sauke hijabin tana kallona, hawaye na zuba, tana kuma dariya. Mai gyaran bai san me ya faru ba, ya ci gaba da gangarawa shafi bayan shafi har na ƙarshe, yana cewa komai na nan. Nan take ya kwafe mata a filashi, ya tura mata wani a waya.

A hanyar komawa, daidai inda ake rage gudu saboda ramukan da ruwa ya haƙa, na daure na tambaye ta abin da ya kamata in tambaya tun farko, cewa ita me ta yi niyyar yi da kwamfutar. Ta ce ai ta riga ta yi magana da wannan mai gyaran, ya ce ta kawo a share mata, aikin ɗan lokaci ne, ta bari ne sai sun dawo daga suna. Ta ce ta ga ina zuwa bakin rumfa ina komawa, ta so ta gaya mini, ita ma ta ji nauyi.

A kwamfutar shago ta ƙarasa gyare-gyarenta, ta miƙa aikin a kan lokaci, ta fita tare da 'yan ajinsu. Tata kuwa sai da aka canja batir da gilashi kafin ta dawo hayyacinta, kuma tun da aka share ta ba ta ƙara wannan gurnani ba.

Ba zan ce muku na zama wani mutum dabam ba. Har gobe ba na kiran sunanta, haka na tashi, kuma ban ga laifin kunya ba a inda ta dace. Abin da na gane shi ne na fake da ita na yi wa yarinya kasada da abin da ba nawa ba, wanda ban san cikinsa ba. Haƙurin da nake taƙama da shi na kwance inji ne, ban yi haƙurin tsayawa in ji daga bakin mai abu ba. Don haka ina kira ga 'yan uwana manoma da masunta da 'ya'yansu suka shigo musu da waɗannan na'urori gida. In kun ga kwamfuta tana nawa tana huci, ku fara tunanin zafi da ƙura. Kada a sa ta a rana, kada a binne ta a hatsi, kada a ɗora ta a filo ko katifa, a nisanta ta da inda ake sheƙa da bakace. In batir ya kumbura a fitar da shi daga ɗaki a nemi masani. Ku kuma ɗalibai, kada ku bar wahalarku a wuri ɗaya. Kai kuma uba irina, in ka ga ɗanka ya yi tagumi, ka je ka tambaye shi. In ba za ka iya kallon idonsa ba, ka kalli katanga, amma ka tambaya.